Ba Harmoniyam Ne Ya Kashe Sarangi Ba

Duk Bahaushen da ya tashi da kallon fim ɗin Indiya ya san wannan sautin, ko da bai san sunansa ba. Shi ake saki idan uwa ta tsaya a bakin ƙofa ɗanta ya juya mata baya, ko idan an fito da amarya daga gidan ubanta tana kuka. Amo ne mai jan rai, kamar goge amma ya fi goge kauri, kamar muryar mace amma babu kalma a cikinsa. Na fi shekara talatin ina jin sa ban taɓa tambayar daga jikin me yake fita ba, sai da lalura ta kai ni Delhi jinyar kawuna.

Mako bakwai muka yi a can. Yaron da ke yi mana tafinta, wani Bazazzagi mai karatu a garin, ya lura zaman asibiti ya fara cin raina. Ya ce, "Yaya, yau da daddare akwai waƙa a wani zaure nan kusa, kyauta ake shiga, ka zo ka sha iska." Kawu ya ce in je, shi ma barci zai yi. Da muka shiga, mawaƙin yana zaune a tsakiyar dandamali, an rataya masa furanni a wuya. A bayansa almajirai biyu suna riƙe da tanpura, wata doguwar aba mai ƙaton duma wadda aikinta kawai ta riƙe wa mawaƙi ginshiƙin sauti. Mai tabla, wato 'yan gangunan nan biyu da ake kaɗawa da yatsu, yana gefe guda. A ɗaya gefen, can bakin darduma inda hasken fitila bai kai sosai ba, wani dattijo ya jingina wani guntun katako mai faɗi a kafaɗarsa ta hagu. Yana jan baka a kan tsirkiya, tsigar jikina ta tashi. Sautin nan ne. Tafinta ya raɗa mini cewa sarangi ke nan.

Da aka tashi, mutane suka yi wa mawaƙin caa, wasu har suna taɓa ƙafarsa. Dattijon yana can shi kaɗai yana naɗe kayansa da ƙyalle. Muka je muka gaishe shi, tafinta ya ce masa "Ustad ji", yadda suke girmama gwani. Ya buɗe mini ita na gani da kyau. Daga gungumen itace guda aka sassaƙe ta, aka rafke cikinta, aka rufe da fatar akuya. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa an yi masa siffar giwa. Manyan tsirkiyoyin da ake gogawa uku ne, na hanji, sannan a ƙarƙashinsu akwai siraran wayoyi fiye da talatin waɗanda ba a taɓa su ko kaɗan, su da kansu suke amsawa idan an ja sautin da ya dace da su. Wannan amsawar ce take sa ka ji kamar ɗaki ya cika da 'yan amshi. Kowace waya sai an ɗaure ta daidai da waƙar da za a yi, kuma ana iya cinye rabin sa'a a kan haka kawai.

Sai ya miƙo mini hannunsa na hagu. Ba da tafin yatsa ake danna tsirkiyar sarangi ba, da gindin farce ake zuga ta, daidai inda farce ya haɗu da fata. A yatsunsa uku wurin ya yi kanta, ya yi baƙi, ya yi kwari kamar inda igiyar guga ta ci bakin rijiya. Yana da 'yar robar hoda a aljihu da yake shafawa don yatsa ya zame. Na sa a tambaye shi cikin 'ya'yansa nawa ne suka gaje shi. Ya ce babu ko ɗaya, kuma shi ya hana su. Cikin dogon bayanin da ya yi na tsinci kalma guda tun kafin a fassara mini, "izzat". Mu a wurinmu izza ta fi karkata ga isa da ƙasaita, su kuwa mutunci suke nufi. Cewa ya yi sana'ar ba ta da kuɗi, ba ta da mutunci, don me zai jefa ɗansa a ciki?

Tun daga ranar nake bin labarin sarangi, kuma kusan duk inda na duba bayani ɗaya ake maimaitawa: harmoniyam ne ya kashe ta. Ni ban yarda ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Harmoniyam akwati ne mai maɓallai irin na fiyano, yana da zugazugi kamar na maƙera a bayansa. A Faransa aka ƙirƙiro shi, wani Alexandre Debain ya yi masa rajista a farkon shekarun 1840, kuma masu yaɗa addinin Kirista suka shigo da shi Indiya. Na Turawa da ƙafa ake zuga shi, ana zaune a kujera. A Kalkata, a wajejen 1875, Dwarkanath Ghose ya fito da wanda ake zugawa da hannu ɗaya a danna da ɗayan, ana zaune a ƙasa yadda mutanen ƙasar suka saba. Daga nan ya bazu kamar wutar daji: gidajen wasan kwaikwayo, wuraren bauta, majalisin sufaye, makarantun koyon waƙa.

Masu sukar sa suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ran waƙar gargajiyar Indiya yana cikin abin da suke kira "meend", wato jan sauti daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da an yanke ba, kamar yadda ladani gwani yake lanƙwasa murya. Sarangi tana yin haka fiye da kowane kayan kiɗa, har ana cewa ita ce mafi kusa da maƙogwaron ɗan Adam. Harmoniyam kuwa matakai goma sha biyu ne a kafe, daga wannan maɓalli sai wancan, babu abin da ke tsakani. Rabindranath Tagore, shahararren marubucin waƙoƙinsu, bai so shi ba. Wani Baturen Ingila mai tsara kiɗa, John Foulds, da ke aiki a gidan rediyon gwamnati a Delhi, ya yi rubutu mai zafi a kansa. A 1940 gidan rediyon All India Radio ya haramta shi, kuma haramcin ya zauna har 1971.

To a nan tambayata take. Shekara talatin da ɗaya gidan rediyon da ya fi kowa ɗaukar makaɗa aiki a ƙasar ya rufe wa harmoniyam ƙofa. Da a ce shi ne cutar, ai da sarangi ta miƙe a wannan tsakanin. Ba ta miƙe ba. A cikin waɗannan shekarun ne ma gidajen da suka gaji sarangi kaka da kakanni suka yi ta janye 'ya'yansu. Kuma in don baƙunci ne, me za a ce da goge irin na Turawa, wato bayolin? A kudancin Indiya an karɓe shi tun farkon ƙarni na 19, ana danganta shigarsa da Baluswami Dikshitar, kuma yau da wuya ka ga an yi waƙar gargajiyar kudu babu shi. Sun zaunar da shi a ƙasa, sun kafa kansa a idon sawu, sun koya masa lanƙwasa irin tasu. Baƙon kaya bai kashe musu komai ba.

Doka ma ba ta iya juya kunnen jama'a. B. V. Keskar, wanda ya riƙe ma'aikatar yaɗa labarai daga 1952 zuwa 1962, ya takura waƙoƙin fim a rediyon gwamnati don ya tilasta wa mutane jin na gargajiya. Mutane suka murɗa akwatinsu zuwa Radio Ceylon, tashar maƙwabciyar ƙasa Sri Lanka mai sakin waƙoƙin fim. A 1957 dole gwamnati ta buɗe tashar Vividh Bharati ta dawo da abin da ta kora.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Sarangi ta yi ƙarni tana raka waƙar matan da ake kira tawaif, mawaƙa kuma 'yan rawa na fadoji da gidajen masu hali a garuruwa irin su Lucknow da Banaras da Delhi. Waɗannan mata su ne ma'ajiyar wani babban sashe na waƙar arewacin Indiya, kuma mai sarangi sau da yawa shi ne malamin da ya koyar da su. Da Ingilishi suka ƙwace masarautar Awadh a 1856, suka kori sarkinta Wajid Ali Shah zuwa Kalkata, babbar inuwa ta faɗi. A ƙarshen ƙarnin kuma 'yan boko da masu wa'azi suka tayar da gangamin ƙyamar rawar matan, aka daina bambance gwanar waƙa da karuwa. Lokacin da Vallabhbhai Patel ya karɓi ragamar yaɗa labarai a 1946, aka hana rediyo gayyatar duk wanda ake ganin rayuwarsa abin kunya ce a idon jama'a, kuma kowa ya san su wa ake nufi. Matan suka faɗi, mai sarangi ya faɗi tare da su. Sarakunan da ke ciyar da makaɗa suka rasa mulki bayan 1947, a 1971 aka soke musu har kuɗin da gwamnati ke ba su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Wasu daga cikin manyan mawaƙan ƙarni na 20 da sarangi suka fara. Abdul Karim Khan ya koye ta. Bade Ghulam Ali Khan ya goga ta yana saurayi. Mahaifin Amir Khan mai sarangi ne, shi ma da ita aka fara masa. Dukansu suka ajiye ta suka koma murya, domin mawaƙi a tsakiya yake zama, mai sarangi a gefe. Mutumin da ya haddace ɗaruruwan waƙoƙi, wanda zai bi muryar kowane gwani taku bayan taku ba tare da an gwada ba, shi ne ake ba kuɗi mafi ƙanƙanta a ƙarshen dare. A Punjab, ta ɓangaren Indiya da ta Pakistan, sunan dangin makaɗan gado, Mirasi, har yau zagi ne a bakin mutane da yawa. Wane uba ne zai so ɗansa ya yi shekara goma yana fasa gindin farce don ya gaji zagi?

Su ma mawaƙan da nasu laifin. Mai sarangi gwani yana iya maimaita abin da mawaƙi ya rera ya fi shi zaƙi, jama'a su juya gare shi. Mai harmoniyam ba kasafai yake yi wa ubangidansa haka ba. Ga sauƙin ɗauka, ga shi ba ya buƙatar a ɗaure waya talatin, ga shi cikin 'yan watanni yaro zai iya bin waƙa da shi. Don haka da aka zaɓi harmoniyam, ba kunne ne ya yi zaɓin ba, aljihu ne da son girma. Ni kuma ba zan zagi akwatin da talaka ya iya saya ba. Duk wanda ya ji ƙawwali, wato waƙar begen sufaye, na Nusrat Fateh Ali Khan, da yadda ƙaninsa Farrukh yake bin sa da harmoniyam kamar inuwa, ya san a hannun gwani shi ma yana magana.

Mutum ɗaya ya nuna cewa ba sautin sarangi mutane suka gaji da shi ba. Ram Narayan, haifaffen Udaipur a 1927, ya fara aiki a gidan rediyon Lahore a 1944 yana raka mawaƙa. Bayan raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan ya koma Delhi, daga nan Mumbai a 1949, inda ya yi ta goga wa masu fim don ya ci abinci, kuma ba mamaki wani kukan da muka sha ji a silima daga yatsunsa ya fito. Ya ƙi yarda ya ƙare a bakin darduma. Ya dage sai sarangi ta zauna a tsakiya ita kaɗai, aka ƙi shi da farko, ya sake gwadawa, a 1956 jama'ar Mumbai suka karɓe shi. A 1964 ya zagaya Amurka da Turai tare da yayansa Chatur Lal mai tabla. Ya rasu a Nuwamban 2024. Sabri Khan da Sultan Khan su ma sun kai ta duniya. Haka Bismillah Khan ya yi da shehnai, 'yar'uwar algaitarmu, wadda a da galibi busar ƙofar gidan biki da wuraren bauta ce: ya busa ta a Jan Ganuwar Delhi ranar samun 'yancin kai a 1947, kuma a 2001 aka ba shi lambar girma mafi girma ta ƙasar.

Yabon gwani ya zama dole, amma ina tsoron yadda ake fakewa da irin waɗannan sunaye. A rataya wa mutum ɗaya lamba, a ce ai ana girmama sarangi, alhali sauran ɗaruruwan suna raka mawaƙi a kan kuɗin mota. Taurari ba sa riƙe sana'a. Matsakaitan ma'aikata ne suke riƙe ta, waɗanda ba za a taɓa jin sunansu a ƙasar waje ba, amma suna samun abin da za su aurar da 'ya'ya har su ce wa ɗa zauna in koya maka.

A hamadar Rajasthan an ga ɗayar fuskar al'amarin. A yankunan Jaisalmer da Barmer akwai dangin Manganiyar, Musulmi ne makaɗan gado, iyayen gidansu kuwa galibi Hindu ne 'yan Rajput. Kowane gidan makaɗa yana da gidajen da ya gada, shi ke riƙe musu sunayen kakanni, shi ke waƙa ranar suna da ranar aure, su kuma su ba shi hatsi, ko dabba, ko kuɗi. Kowane Bahaushe ya gane wannan tsarin ba sai an fassara masa ba. Kayan kiɗansu kamaicha ce, mai ƙaton ciki zagayayye da aka sassaƙa daga itacen mangwaro. Dangin Langa kuma suna da tasu sarangin. Waɗannan kayan sun rayu ne domin akwai mai biya. Da tsarin ya fara lalacewa, Komal Kothari, wanda ya kafa cibiyar Rupayan Sansthan da abokinsa a 1960, bai tsaya ga tara kayan kiɗa a ɗakin tarihi ba. Ya naɗi muryoyinsu, ya nema musu dandamali a ciki da wajen ƙasa, ya tara yaransu a gaban dattawa su koya. Sakar Khan, gwanin kamaicha daga ƙauyen Hamira, ya samu lambar girma ta ƙasa a 2012, shekara guda kafin rasuwarsa.

Kada a ɗauka ina yi wa tsarin ubangida kwalliya. A 2017, a ƙauyen Dantal na Jaisalmer, an kashe wani mawaƙin Manganiyar bayan an zarge shi da cewa waƙarsa ba ta yi daidai ba a wajen wani bikin bauta, kuma danginsa suka watse daga garin don tsoro. Mutanen da ake tafa wa a Landan da Faris, a ƙauyensu ana iya yi musu haka. Abinci ba tare da mutunci ba shi ma bai isa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ko hango su daga dandamali, maƙera kayan. A garin Miraj na jihar Maharashtra, wasu iyalai Musulmi da kakanninsu masu gyaran takubba ne sun fi shekara ɗari da hamsin suna haɗa tanpura da sitar, wata 'yar'uwarta mai tsirkiya da ake kaɗawa da yatsa, da manyan duma da ake nomawa musamman don haka a yankin Pandharpur. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka ƙera tanpura ta lantarki a Bangalore, yanzu kuma manhaja ce a waya. Ɗalibin da ke gwaji shi kaɗai a ɗaki ta yi masa rana, ban ga laifinsa ba. Amma babban mawaƙin da aka biya maƙudan kuɗi ya hau dandamali ya ajiye waya a gefen gwiwa, ya hana mutum biyu aiki, mai ƙerawa da mai riƙewa. A 2024 gwamnati ta ba sitar da tanpurar Miraj takardar shaidar asali, wadda ta hana a ƙera a wani gari a laƙa musu sunan. Abu ne mai kyau, sai dai takarda ba ta sayen duma. Da makarantun gwamnati da gidajen rediyo za su riƙa ba da odar kaya kowace shekara, da ya fi.

Ina wannan rubutu ina tuna gogenmu da kukumarmu. Su ma an jingina su da gidan magajiya da bori, su ma fiyanon situdiyo yana kwaikwayon kukansu, kuma mu ma muna da mutumin da zai yi wa makaɗi liƙi da daddare, da safe ya ce ba ya ba maroƙi 'yarsa. Wanda ya ɗauki fatawar cewa kiɗa haramun ne, ya kame kunnensa, ina girmama shi, kuma maganata ba da shi take ba. Da mai ji nake, wanda zai ji daɗin sautin ya raina hannun da ya fitar da shi.

Abin da nake so Indiya da Pakistan su yi ba sabon haramci ba ne. A biya mai rakiya kaso na gaskiya daga abin da aka biya mawaƙi. Jami'o'in da ke koyar da kiɗa su ɗauki ɗan gado aiki ko da ba shi da digiri, domin kantar da ke gindin farcensa ta fi kowace takarda shaida. Tsohon da yatsunsa suka gaji a ba shi fansho da kuɗin magani tun yana raye. Kuma a rubuta sunansa, wanda wannan ko sisi ba ya ci.

A daren nan an raba mana takardar shiri a ƙofa. Hoton mawaƙin ya cinye rabin shafi, sunan mai tabla yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe, na dattijon babu. Mun raka shi bakin titi, ya tsayar da adaidaita-sahu, ya yi ciniki, ya shiga ya rungume sarangin a ƙirji don kada gargada ta taɓa ta. Kafin su tashi na ce wa tafinta ya tambaye shi sunansa da na mahaifinsa da na wanda ya koya masa. Ya faɗa, sannan ya ƙara da kakansa da kakan kakansa, dukansu masu sarangi. Yaron ya rubuta su da biro a bayan takardar, suna biyar a jere. Tana nan cikin jakar takardun asibitin Kawu.